Shekarar da Tela Ya Zauna a Inuwata

Ku da kuka tashi a Dogon Dutsi ba ku san Tsalma ba sai a bakin mutane, abin da mutane ke faɗi kuwa bai cika zama daidai ba. Wasu sun ce mu matsafa ne, wasu sun ce mayu. Na kuma ji da kunnena 'ya'yan yayana Arzika suna cewa taurin kaina ne ya raba ubansu da aikin gwamnati. Ban taɓa tanka musu ba, saboda shi da kansa ya hana ni magana yana raye. Yanzu ya riga mu gidan gaskiya, ni ma rana ta yi mini yamma, don haka zan faɗa muku yadda abin ya faru.

Tsalma ƙauye ne a cikin tsagar dutse, arewa da nan, idan an saki hanyar Dogon Kiriya an yanki daji. Mu Tsalmawa ba mu da yawa, Hausa muke yi kamar kowa, gero muke nomawa kamar kowa. Abin da ya bambanta mu shi ne inuwa. A wurinmu inuwar mutum abokiyar haihuwarsa ce, tare aka turo su duniya, ita ce shaidarsa. Jariri ba ya zama mutum sai ranar suna an fito da shi da hantsi an ɗaga shi, jama'a sun ga abokiyarsa a ƙasa sun yi mata maraba. Ba a taka inuwar babba. Ba a gina bango inda inuwarsa za ta rufe ƙofar maƙwabci. Idan rana ta tsaya tsaka, inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafa, muna cewa ta sauka wurin kakanni ta kai labarin abin da mai ita ya aikata. A wannan lokaci duk gari ake yin kurum. Ba ciniki, ba faɗa, ba ko sallama, domin maganar da aka yi ba shaida ba magana ba ce. Idan mutum ya mutu, ana kwantar da shi a rana a zagaye inuwarsa da toka, 'ya'yansa su zuba ruwa a ciki. Yau ina salla, ina roƙon Allah gafara, amma ban taɓa jin kunyar mutanen da suka haife ni ba.

Akwai kuma wata al'ada da nake jin labarinta tun ina yarinya amma ban taɓa ganin an yi ba, ita ce shiga inuwa. Wanda ake kora, ko wane ne shi, ko me ya yi, idan ya shiga inuwar Batsalme ya zauna, ya zama nasa. Mai inuwa yana da damar ya kauce kafin mutumin ya kai ƙasa. Idan bai kauce ba, shi ke nan: inda baƙon ya sa ƙafa nan zai sa tasa, ba zai koma ɗakinsa ya zauna ba sai ranar da baƙon ya fita daga inuwar da ƙafarsa, ba da tilas ba. Hanya ɗaya ce ta warwarewa, ita ce mutum ya fito lokacin kurum ya ce da ƙarfi ba shi da inuwa. Wanda ya yi haka ba a ƙara cin tuwo da shi, ba a zagaye shi da toka, kuma abin yana bin 'ya'yansa.

Mahaifina, Nomau, shi ne Mai Rana, wato shi ke duba tsayuwar rana ya buga ƙwarya a yi kurum, ya sake bugawa a ci gaba da magana. Yayana Arzika shi kaɗai ne a gari ya fita ya sa kaki. Gardi ne, wato dogarin gwamnati, a Dogon Dutsi, kuma muna alfahari da shi. A shekarar da nake ba ku labari Turawa ba su daɗe da miƙa mulki ba, ƙasa kuwa ba ta kwanta ba. Ana ta kama mutane ana cewa suna tare da masu adawa da suka tsallaka iyaka. Mu dai a bakin Fulanin da ke shayar da shanu a rijiyarmu muke jin labari. Mijina, babanku, ya tafi cin rani kudu, ni kuwa ina gidanmu da ɗana Gado yana goye.

Da kaka ne, an gama yankan gero. Na taso daga rijiya da sassafe, tulu a ka, rana na bayana, inuwata ta miƙe doguwa a kan hanya. Sai wani mutum ya fito daga cikin kara. Siriri ne, rigarsa ta birni ce amma ƙaya ta yage ta, ba takalmi, ƙafafunsa sun kumbura sun tsage suna jini. Ya dube ni, ya dubi ƙasa, sai ya tako ya shiga inuwata daidai wurin tulun.

"Baiwar Allah, ki yi mini haƙuri," in ji shi. "Wata Bahillata ce ta gaya mini al'adarku. Zan zauna. In ba ki iyawa, ki matsa, ba ni ganin laihinki."

Ya fara durƙusawa a hankali, kamar tsoho, yana ba ni lokaci. Taki ɗaya zan yi gefe in rabu da shi. Daga baya na riƙa gaya wa mutane wai tulun ne ya yi mini nauyi, na ji tsoron ruwa ya zube. Gaskiyar ita ce ƙafafunsa nake kallo, ina tunanin irin nisan da mutum zai taka kafin su zama haka. Ina cikin wannan tunani ya kai ƙasa.

Sunansa Ilu, tela ne a kasuwar Dogon Dutsi. An ce yana ɗinke saƙo a cikin kalmasar riguna ana kaiwa ƙetaren iyaka. Har yau ban san ko ya yi ko bai yi ba, ban kuma tambaye shi ba. Na sa shi gaba muka shiga gari. Kafin in sauke tulu gidanmu ya cika. Inna ta ɗora hannu a ka tana kuka ba sauti. Ƙanen Baba, Baffa Dambo, shi ya fi kowa ɗaga murya.

"Wanga ba ɓarawon akuya ba na, Nomau! Gwamnati ka biɗa tai. Al'adar nan an yi ta ne lokacin kibiya da baka. Yanzu bindiga ta. Ta hito da rana ta warware, mu kuma mu yahe mata, mu ci tuwo da ita. Wa za shi hana mu?"

Baba bai dube shi ba. Ni ya duba.

"Tamo, ya ba ki lokacin matsawa?"

Na ce, "Ya ba ni, Baba."

"Kinka tsaya?"

"Na tsaya."

"To, Dambo, ka ji. In munka ce yau al'ada ta yi nauyi mu aje ta, gobe ba mu da abin ɗauka. Amma ɗiyar ga ita ka da inuwa, ba ni ba. In ta so warwarewa, ba ni hana ta."

Daren nan da wanda ya biyo baya ban san yadda suka wuce ba. Na wanke wa Ilu ƙafa da ruwan bagaruwa, na ba shi fura a ƙwaryata kamar yadda aka saba. Duk lokacin da Baba ya buga ƙwaryar kurum, sai in ji idanun gari a kan ƙofarmu, ana jira a ga ko zan fito in yi magana. Nakan dubi Gado in yi tunanin abin da zan bar masa idan na warware, in kuma yi tunanin abin da zai same shi idan ban warware ba. Kowanne na ɗauka sai in ji ɗayan ya fi sauƙi.

Ba a jima ba muka ji rurin kamyo, babbar motar hukuma, a bakin tsaga. Mota ba ta iya shiga, don haka da ƙafa suka ƙaraso: wani lajida, babban jandarma ke nan, gajere mai faɗin kafaɗa, da gardi kaɗan, a gabansu kuwa Arzika, don shi ya san hanya. Rashin sa'a, suna shiga dandali Baba ya riga ya buga ƙwarya. Gari ya yi tsit. Lajida ya yi sallama, ba wanda ya amsa. Ya tambayi mai gari, ba wanda ya motsa baki. Maza na zaune gindin bango suna kallonsa kawai. Na leƙo ta zana na ga wuyansa yana kumbura. Arzika ya matsa kusa da shi ya yi masa bayani da Faransanci, kuma wannan ne karo na farko da na ji Batsalme ya yi magana cikin kurum. Na ga Baba ya rufe ido.

Lajida bai yarda ba. Ya ɗauka raini ne. Ya tsaya a kan Baba yana tambaya yana sake tambaya, daga nan ya sa ƙafa ya shure ƙwaryar da ke gabansa, ta yi gefe tana juyi. Baba bai ɗaga kai ba. Ya zuba wa ƙasa ido yana jiran inuwar sandarsa ta leƙo gabas. Ban taɓa ganin rana ta yi nawa irin na ranar ba. Da inuwar ta fito, ya miƙa hannu ya jawo ƙwaryar ya buga, sannan ya ce:

"Ranka shi daɗe, sannu da zuwa. Wanda kaka biɗa shina nan. Ba mu ɓoye shi ba. Shina cikin inuwar ɗiyata, ba mu da ikon ba ka shi."

Ni kuwa na riga na fito na tsaya a ƙofar ɗakin da Ilu yake, Gado a bayana. Na zaɓi wurin tsayuwa yadda inuwata za ta kwanta a bakin ƙofa. Lajida ya nuna ni da baki ya ce wa Arzika ya shiga ya fito da mutumin. Arzika ya taho. Hularsa ta jiƙe da zufa. Ya tsaya dab da inuwata, takalminsa bai taɓa ta ba, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji:

"Tamo, matsa! Ke mahaukaciya ce? Kina so a ƙone garin ga saboda baƙo?"

Sannan ya sunkuyo kamar zai fizge ni, ya ce da muryar da ni kaɗai na ji:

"Kada ki matsa. In sunka ɗauke shi, ki hau motar. In ba ki hau ba, ba shi kai Dogon Dutsi."

Wannan ita ce maganar da na riƙe shekara da shekaru. Ya miƙe ya juya ya ce wa lajida ba zai iya taka inuwar ƙanwarsa ba, a tura wani. Lajida ya ɗauke shi da mari a kunnen hagu, ya ƙara masa da gindin bindiga a wuri guda, har ya faɗi. Aka kwance masa ɗamara aka ɗaure hannunsa da ita. Wasu gardi biyu, baƙi da ba ruwansu da al'adarmu, suka ture ni gefe suka shiga suka jawo Ilu. Ba wanda ya ɗaga sanda a gari. Baba ya hana.

Aka tasa su gaba zuwa bakin tsaga, na bi. Inna ta biyo ni da gudu tana cewa in bar mata yaron. Na kusa kwance goyon, sai na tuna har yanzu nono yake sha, na kuma tuna maganar Arzika, na ga mace da goyo ta fi mace ita kaɗai wuyar mantawa. Allah Ya yafe mini wannan lissafi. Da aka jefa Ilu bayan kamyo na kama ƙarfe na hau. Lajida ya ce a sauke ni. Baba, da ya biyo mu da sandarsa, ya ce:

"Ranka shi daɗe, in ka sauke ta, da ƙahwa za ta bi ka har inda za ka. Ta mutu bisa hanya da ɗa, a ce kai ne."

Lajida ya yi tsaki ya shige gaba. Wannan ne ganina na ƙarshe da mahaifina. Yana tsaye, bai ɗaga hannu ba.

Mun yi tafiya mai nisa cikin rairayi, mota na tangaɗi. Ilu na kwance hannu a baya, Arzika na jingine jini na bin wuyansa. Da la'asar ta gabato, a wani fako da babu gari babu garke, sai sabara, motar ta tsaya ba tare da ta lalace ba. Lajida ya zagayo ya ce a sauko da fursuna zai yi masa tambaya. Na ga Arzika ya ɗago ido ya dube ni. Aka sauke Ilu, na dirgo bayansa. Lajida ya ce in koma. Na yi kamar ban ji ba. Suka nufi bayan wani tudu da shi, na bi ta gefen rana yadda inuwata za ta faɗa kansa. Suka ƙara sauri, na ƙara. Da suka tsaya aka durƙusar da shi, na matso har zanena na taɓa kafaɗarsa.

Lajida ya zare ƙaramar bindigarsa. Bai nuna kowa da ita ba, ya riƙe ta kawai a gefen cinya.

"Ke, wanga mijinki ne?"

"A'a."

"Ɗan'uwanki?"

"Ban san shi ba."

"To mi ya haɗa ki da shi?"

Na ce, "Ya zauna, ni kuwa ban matsa ba."

Ya yi dariya marar daɗi, ya ce zai ƙirga, kafin ya gama in bar wurin. Bai fara ƙirgar ba Gado ya farka ya tsala kuka, irin kukan yunwa da ba ya lallasuwa. Ban san abin yi ba, sai na yi abin da kowace uwa ke yi: na juyo da shi gaba na ba shi nono, ina tsaye. Wurin ya yi shiru, ba ka jin komai sai haɗiyar yaro. Gardin da suka riƙe Ilu suka kau da kai. Ɗaya daga cikinsu, wani dattijo Bazabarme mai furfura a gemu, ya gyara murya ya ce da gurɓatacciyar Hausarsa:

"Lajida, rana na tahiya. Direba ya gani, mu mun gani, mace ta gani. Mu kai shi biro wurin manya, su can su san abin yi."

Lajida ya dubi tudun. Daga nan ya mayar da bindigar kube, ya tofa yawu, ya koma mota. Sai da aka ɗaga Ilu na ga ya jiƙa wandonsa. Na kwance mayafina na yafa masa.

A Dogon Dutsi aka jefa su kaso, shi da Arzika. Ni ba a kama ni ba, ba a kuma san yadda za a yi da ni ba. Kowace safiya nakan je in tsaya gabas da bangon kaso har inuwata ta hau shi. Mutanen kasuwa suka fara zuwa kallo, wasu na dariya, wasu na kawo mini fura. Kafin a jima duk gari ya san akwai tela mai suna Ilu a ciki, kuma da ransa. Wata mai tuwo a bakin tasha ta ba ni wurin kwana, ina yi mata daka. Wata safiya na je, dattijon nan Bazabarme ya ce mini an wuce da Ilu can nesa, gidan kaso na arewa, inda mace da goyo ba ta iya zuwa. Na zauna a wurin na rasa inda zan sa kaina. Ban warware ba, shi kuma bai fita da ƙafarsa ba. Ba ni da hanyar komawa Tsalma.

Haka na zama 'yar Dogon Dutsi. Babanku ya dawo daga cin rani ya iske labari, ya yi fushinsa ya gama, ya tattaro kayansa ya biyo ni, Allah Ya saka masa. Arzika ya fito bayan an kore shi daga aiki, kunnen hagu ya mutu, ya koma tufkar igiya a bayan kasuwa. Ya ce kada in kuskura in faɗi abin da ya raɗa mini, don idan aka ji ya tona asirin lajida, ba kora kaɗai za a yi masa ba. Matarsa Hajo ta daina amsa gaisuwata, ban kuma ga laifinta ba, ita ta san yunwar da 'ya'yanta suka sha. Tsalma kuwa hukuma ta sa mata ido. Aka riƙa kiran maza biro, ofishin hukuma, ana tsare su, har mutane suka fara gajiya suna komawa ƙauyukan bakin hanya. Baba ya rasu a damina ta biyu. Aka zagaye inuwarsa da toka, aka zuba ruwa, babu hannuna babu na Arzika. Baffa Dambo ya aiko mini cewa in zo, ba wanda zai ce komai. Na ɗaura zane na kai har tasha, na dawo. Na san da Baba ne aka tambaya, da ya ce in zauna.

Sai da mulki ya canja hannu aka buɗe gidajen kaso. Lokacin Gado ya isa aikin gona, ni kuma ina da rumfar tuwo tawa. Wata safiya ina tsaye ina tuƙi, sai wani tsoho ya tsaya a gabana, ba haƙori a bakinsa na gaba, yana dogara sanda. Na ce tuwo bai nuna ba tukuna. Bai tafi ba. Ya dubi ƙasa ya gyara tsayuwa har ya shiga inuwata, ya ce:

"Baiwar Allah, na daɗe a zaune. Na gode. Zan tashi."

Ya taka gefe, ya fita. Muciya ta faɗi daga hannuna.

Na bar tukunya a wuta na nufi bayan kasuwa. Arzika na zaune a ƙofar gidansa ya maƙale igiya a babban yatsan ƙafa yana tufka. Na zagaya ta kunnen dama na durƙusa na gaya masa. Bai daina tufka ba.

"Ke kinka gan shi, ko hwaɗa miki anka yi?"

"Ni na gan shi, Yaya. Shina rumfata yanzu."

"Ya yi ƙiba?"

"Ƙashi ne da fata."

"Amma da ƙahwa tai ya zo?"

"Da ƙafarsa."

Ya tufka kamu ɗaya, ya ƙara wani, sai hannunsa ya tsaya. Ya share fuska da hannun riga, ya ɗaga murya, irin ta mutumin da ba ya jin kansa sosai:

"Hajo! Kama jan zakaran nan. Muna da baƙi."

Hajo ta leƙo daga zaure ta gan ni. Ta dubi mijinta, ta sake dubana. Sai ta ajiye tsintsiya ta shiga bin zakara.